Ƙarfen Nan Ya Iso?

Gaya, 3 ga Yuni

Zuwa ga Abduljalil ɗan Gwaggo Jumma, mai shagon kayan moto a Kotonu.

"Sati biyu kacal, uwar ɗakina. Irin wannan sak, ta baƙin ƙarfe, kuma da hannuna zan kawo miki ita har tsakar gida."

Ka gane rubutun? Naka ne, kwafo shi na yi. A bayan takardar maganin Gwaggo ka yi shi, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, kana tsaye a garejin Rabo da tsohuwar silindar motona a hammatarka. Ni na sa ka rubuta, kana ta dariya, saboda na san halinka da saƙon murya: ka faɗa da safe, ka goge da yamma. Takarda ba ta goguwa. Yau sati bakwai ke nan.

To, yanzu sai gaisuwa, tun da haka aka koya mana. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Latifa da yara. Mu nan lafiya, ruwa ya sauka sau biyu, an fara shuka a Bengu. Mahaifiyarka kuwa ba ta da lafiya, kuma ba zan rubuta "da sauƙi" don in faranta maka rai ba.

Bari in tuna maka, don wanda ya shekara uku bai zo gida ba, da ya zo kuma kwana ɗaya ya yi, yana iya mantawa. Gwaggo tana da ciwon sukari. Akwai miki a ƙarƙashin babban yatsanta na dama. Irin wannan miki ba a barinsa: yau a wanke, gobe a huta, jibi a wanke. Shekara ashirin da shida na yi ina wankin ciwo a asibiti kafin in ajiye aiki, na san inda yake kai mutum in an yi sakaci da shi. Ta ƙi barin Bengu, ta ce ba za ta mutu a ɗakin siminti ba. Don haka ni ke zuwa, kilomita ashirin da wani abu, a kan ɗan moton nan nawa na mata mai ƙafa biyu, wanda kake kira jakin Majo, sunan da ya bi ni tun ina aikin asibiti.

Jakin ya fara tari da hayaƙi cikin azumi. Rabo ya buɗe, ya ce cikin silinda ya cinye, fistan yana rawa a ciki. Ya ce abu mai sauƙi ne: a kai wa Isma'il mai injin rektifiye, ya ƙara faɗin ramin kaɗan, a sa fistan da ya fi wancan girma, kafin la'asar in hau abina. Sau ɗaya aka taɓa yi mata haka, akwai sauran naman sau biyu a jikinta. Sai ga ka da shaddarka mai ƙamshi, ka ce abin kunya ne a ce ɗan'uwana na sayar da kayan moto a Kotonu, ni kuma ina yawo da faci. Ka ɗauke ta, ka ce samfur za ka yi da ita. Ni kuma, da girmana da karatuna, na bari. Wannan laifina ne, na karɓa.

Tun ranar nake bin 'yan kabu-kabu. Wanda ya yarda ya kai ni ba ya yarda ya jira ni. Wanda ya yarda ya jira, da ya ga hadari sai ya tuna ana suna a gidansu. Wankin da ya kamata in yi sau uku a sati ya koma sau biyu, wani satin ma sau ɗaya.

Shekaranjiya Alfari direba ya kawo mini kwali. Na miƙa hannu biyu ina shirin nauyi, sai kwalin ya kusa tashi sama. Na ɗauka biskit ka aiko wa mai ciwon sukari, har na fara zaginka a zuci. Da na buɗe sai ga silinda tana walƙiya kamar sabon kwano. Alminiyam. Ba takarda, ba bayani, sai rubutun mutanen Sin a jikin kwali, wanda ko limamin unguwarmu bai iya ba.

Irin wannan sak. Ta baƙin ƙarfe. Da hannuna. Magana uku a layi biyu, Jalilu, ba wadda ta tsira.

Ni ba makanike ba ce, amma littafin injin nan na Faransanci da na saya a bakin titi a Yamai, na karanta shi bango zuwa bango. Baƙin ƙarfe, abin da Rabo ke kira fonti, yana da nauyi, yana da jinkirin ɗumi, sai na tada inji na tsaya minti biyar kafin in kama hanya. Na sani. A cikin minti biyar ɗin nan nake duba jakata ko na manta almakashi. Amma in yashi ya karce shi ana gyarawa, nan cikin Gaya, a hannun mutumin da na san ƙofar gidansa. Wannan farar taka littafina bai san ta ba. Rabo ma ya juya ta ya sake juyawa, ya ce bai taɓa ɗaura irinta ba.

Zan sa a ɗaura, don ba ni da zaɓi. Amma ka maido mini tawa. Gwaggo ba ta tambayi lafiyarka ba. Duk zuwan da na yi, abu ɗaya take cewa: "Ƙarfen nan ya iso?"

'Yar kawunka,
Nasiba

Kotonu, 11 ga Yuni

Uwar ɗakina Majo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Latifa tana gaishe ki, yara suna shirin jarrabawa. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka miki da alheri.

Wasiƙarki ta iso. Na fara karantawa a shago, sai da na kunna fanka kafin in kai ƙarshe. Haba taubashiya! Bawanku ya zaɓo miki mafi kyawun abin da ke cikin shagonsa, wadda na hana mutum uku, ladan da na samu shi ne biskit?

Ki saurare ni, tun da ke ce mai karatu. Littafin nan naki ya girmi babban ɗana. Duniya ta wuce shi. Babban maƙiyin ƙaramin inji zafi ne, kuma Gaya ba ta da arzikin da ya fi shi. Baƙin ƙarfe in ya ɗauki zafi riƙewa yake yi, kamar ke da fushi. Kin manta shekarar da injin ya cije miki a hanyar Yelu da tsakar rana, kika zauna gindin darbejiya har ya huce? Alminiyam ba ya haka. Yana ɗaukar zafi yana zubarwa. Ki yi Bengu ki dawo, ki sake komawa, ba zai ce uffan ba. Ba tsayuwar minti biyar, ki tada ki tafi. Ga rashin nauyi. Masu gudu a nan, ko kyauta kika ba su fonti ba sa karɓa.

Amma akwai sharaɗi, ki karanta wa Rabo da babbar murya. Na ɗaya, filtar iska ta zama sabuwa, kada ƙwayar yashi ɗaya ta shiga. Na biyu, mai mai kyau, ba na kwalba da ake sayarwa bakin hanya ba. Na uku, kuma shi ne babba: ko me ya same ta, kada a kai ta wurin Isma'il. Cikin ramin an shafe shi da wani siririn ƙarfe mai tauri, kaurinsa bai wuce na gashin kai ba. Shi ne ranta. Ya fi fonti tauri nesa ba kusa ba, shekaru zai yi bai cinye ba. Amma in injin rektifiye ya kankare shi, abin da ke ƙasa laushi ne, sai dai a kai wa masu ƙera tukunya.

Batun zuwa kuwa, kin san yadda hanya ta zama tun da aka rufe gadar kan iyaka. Mutum ya kwana a mota, ya shiga jirgin ruwa da kaya a ka. Ga kayana a tashar jirgi ina jiran fitowarsu, in na matsa sai a yi mini wasa da su. In Allah ya yarda bayan damina.

Tsohuwar taki kada ki damu da ita.

Inna kuwa, in ƙarfe take tambaya, ki ce mata ya iso, kuma ya fi wanda ya tafi.

Bawan gidanku,
Abduljalil

Gaya, 9 ga Yuli

Abduljalil,

Assalamu alaikum. A gaida Latifa, Allah ya ba yara sa'a. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayana. Gwaggo yatsanta ya yi baƙi.

Wasiƙarka ta sha ɗaya ga Yuni ta shigo hannuna shekaranjiya. Motar Alfari ta lalace a Kandi, ya yi sati biyu yana jiran kaya, da ya iso kuma ya manta da ita a saman gilashin gaba, sai da ya je wankin mota ta faɗo. Na karanta sharuɗɗanka uku a tsaye. Sai na nemi kujera.

Bari in ba ka labari bi da bi, kuma zan fara da gaskiyarka, don kada ka ce fushi ya rufe mini ido. Sati biyun farko farar taka ta yi abin da ka faɗa. Ban taɓa jin jakin nan da ƙarfi haka ba. Na je Bengu na dawo da rana tsaka, na taɓa injin, ɗumi kawai. Har na ce wa Rabo wataƙila ɗan macen nan ya yi hankali. Mikin ya fara ja, ya fara tsukewa daga gefe. Na yi murna.

Filtar iska kuwa tsohuwa ce, akwai 'yar yaga a gefenta, da ita na shekara biyu ina tafiya fonti bai taɓa kai ƙara ba. Ka san kwarin nan na kafin shiga Bengu, inda yashi ke kama taya. Ran ashirin da biyu, ina fitowa daga ciki, injin ya sauya murya, ƙarfinsa ya faɗi. Da lallashi na kawo shi garejin Rabo. Ya buɗe, ga karce guda biyu a ciki, dogaye. Na ce ya ajiye sai na dawo, don an aiko mini Gwaggo na zazzaɓi. Na hau kabu-kabu na koma, na kwana biyar a can.

Rabo mutumin kirki ne. Ya ce Majo tana can tana wahala da tsohuwa, bari ta dawo ta tarar da abin hawanta a tsaye. Ya ɗauki silinda ya kai wa Isma'il, kamar yadda yake kai kowace silinda mai karce tun yana yaron gareji, kamar yadda maigidansa ya yi kafin shi. Isma'il ya ɗora ta a inji. Ya ce bai taɓa ganin ƙarfe mai taurin kai irin wannan ba, sai da ya dakusar masa da bakin inji biyu. Ya ƙi haƙura, don sunansa ne a kai. Da ya ratsa taurin, ya ce sai abin ya koma kamar sabulu. Suka sa babban fistan, suka wanke moton har da taya, suka kawo mini gida suna murmushi, su biyu. Ko ladan aiki sun ƙi karɓa.

Kilomita bakwai na yi da shi. Ya yi wani kuka kamar an taka kyanwa, ya mutu. Da Rabo ya buɗe, garin alminiyam ne ya zubo kamar tsaki. Na turo shi da ƙafa har gari, abin da ya taɓa mini baya ke nan.

Washegari sama ta buɗe. Kwana huɗu ana ruwa, kwarin ya cika, ba ɗan kabu-kabun da ya yarda ya dosa. Da jakina ne, da na bi ta hanyar tudu, na san ta, na sha binta. Su sun ce ta yi nisa. Kwana takwas ba a wanke ƙafar ba. Matan gidan sun ga tana wari, suka daka ganye suka cusa, da kyakkyawar niyya, kamar Rabo. Kowa a labarin nan niyyarsa kyakkyawa ce, Jalilu, har da kai.

Jiya na karanta wa Rabo sharaɗinka na uku da babbar murya, kamar yadda ka ce. Ya cire hula ya zauna a kan taya. Ban ga laifinsa ba. Ka aiko baƙo garin da ba mai jin yarensa, ka aiko tafinta bayan wata guda. Layi uku ne. Da ka rubuta su a jikin kwalin da biro, ko ka kira ni a waya, ko ka zo da hannunka kamar yadda ka rubuta, ka tsaya a kan Rabo yana ɗaurawa.

Ka ce alminiyam ya fi fonti. Na yarda, a Kotonu, inda in ta karce za ka miƙa hannu bayanka ka zaro wata. Ni a nan ba abin da ya fi kyau nake nema ba. Wanda in ya lalace ran Talata zan hau shi ran Laraba nake nema.

Na ɗauki hoton ƙafar na kai wa likita a nan Gaya. Ya ce sai babban asibitin Doso, kuma ba a ɗaukar lokaci. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Ina zan je da damina, ga shuka a ƙasa?" Na ce Gwaggo, rabonki da fartanya shekara goma. Ta ce, "To a bari ƙarfen nan ya iso tukuna." Na ce wane ƙarfe kuma, ai ya iso har ya mutu. Ta ce, "Wancan ba shi ba ne."

A nan ta fi ka gaskiya. Ina tawa? "Kada ki damu da ita." Shekara ashirin da shida ina jin wannan magana a bakin likitoci, na san abin da ke biyo bayanta.

Nasiba

Kotonu, 17 ga Yuli

Yaya Nasiba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ban iya cin abinci ba ranar da na karanta takardarki. Wannan na ba wani mai zuwa Malanbil, can tsallaken kogi daga wurinku, ba Alfari ba.

Kin tambaya, zan faɗa. Tsohuwar silindarki babu ita. Satin da na dawo na jefa ta cikin tarkacen da masu sayen ƙarfe ke kwasa. Ban ɗauke ta don samfur ba, na san lambarta da ka. Na ɗauke ta don kada ki sa a yi mata faci bayan na tafi. Na so a ce ni ma na yi wani abu. Ke kina wanke ƙafa, ni in aiko da abin da ba wanda ke da irinsa a Gaya. Ki yafe mini. Ki ce wa Rabo ya maida hularsa, laifin nawa ne.

Kwana uku na rufe shago ina yawo. Ba mai ajiye fonti na irin injinki yanzu. Jiya na samu guda wurin wani tsoho a bayan kasuwa, sabuwa, da man ajiyarta a jiki, da fistan da zobbansa, na haɗa da filta biyu. Nauyinta kamar dutsen niƙa. Alfari zai yi lodi ran Asabar, zan sa a hannunsa, in ce ki kira shi kullum.

Batun Doso, duk abin da ake bukata ki faɗa, zan aiko. Ki lallashe ta, ke take ji.

Akwai abin da zan faɗa, kada ki yi mini dariya. Sau biyu kina rubuta mini cewa ƙarfe take tambaya. A ta farko har kika ce ba ta tambayi lafiyata ba. Ban yi mamaki ba. Na san ni ɗan fari ne, na san ba ta faɗin sunana, ba yau aka haife ni ba. Amma kunya daban, wannan daban. In na kira waya aka miƙa mata, sai ta ce "a gaida mutanen gidan" ta maido. Da na zo da Sallah, na zauna a ƙofar ɗakinta tun azahar har la'asar, ba ta dube ni ba, da kaji take magana. Shi ya sa na tafi gareji. Shekarata arba'in da shida, Yaya, ban san ranar da ta taɓa cewa in zo ba. To in ƙarfe take jira, ga ƙarfe nan tafe. Zuwana ba zai ƙara mata komai ba.

Abduljalil

Bengu, 22 ga Yuli

Abduljalil,

Wa alaikumus salam. A gaida Latifa. Na dawo Bengu da zama tun sati guda. Baƙin ya kama yatsa na biyu. Wannan takarda ban ba kowa ba, hotonta zan ɗauka in tura maka ta waya, in ta nuna ka buɗe to ka buɗe.

Na yafe maka silindar. Ba don ka cancanta ba, don ba ni da lokacinta.

Na kira Alfari tun ran Juma'a, na ce masa in ya ɗauko kwalin nan daga hannunka, kada ya ƙara kawo mini matarsa in auna mata jini. Don haka in ka ga ya ƙi karɓa, ni ce. Moto ba shi da sauran amfani ga wannan ƙafa. Wanki ya wuce. Likitan Doso ya ga hoto, ya ce in an kawo ta cikin satin nan yatsu biyu ne, in an wuce haka ba ya alkawarin ƙasa da gwiwa. Ya ba mu Juma'a da safe.

Farar taka na kai wa Sumana mai ƙera tukunya, kamar yadda ka yi hasashe. Ludayi biyu ya fitar. Masu kyau ne, ba sa tsatsa. Da ɗaya nake ba Gwaggo kunu.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Ka ce kada in yi maka dariya. Ban yi ba. Zagin kaina na yi, don ni ma da littattafaina ban gane ba sai ran Juma'ar da ta wuce.

Da takardarka ta zo, na shiga wurinta da murna, na ce Gwaggo an samu ƙarfen, baƙi, irin na da sak, Alfari zai kawo. Na ɗauka za ta ce a shirya kayan Doso. Sai ta ce, "Alfari? Shi ya ɗauka?" Na ce a'a. Ta ce, "Wanda ya ɗauki abu ai shi ke maidowa. Ba haka aka rubuta a bayan takardar maganina ba?" Ta juya fuskarta bango.

Jalilu, matar nan ba ta iya karatu ba. Ni na karanta mata alkawarin nan sau ɗaya, washegarin tafiyarka, ina yi maka tsiya. Takardar kuwa na neme ta a jakata tun watan jiya na rasa. Tana ƙarƙashin matashinta, a naɗe cikin ɗankwali. Me ya dame ta da silinda? Ta taɓa hawa moto? Ta san fonti daga alminiyam? Wata uku tana tambayata ko ka zo, a gaban matan gida, da bakin da aka hore shi tun tana 'yar shekara sha bakwai kada ya ambace ka. Ta samu abin da za ta iya tambaya ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, ta riƙe shi. Ni kuma na kwashe na rubuta maka cewa ba ta tambayi lafiyarka ba. Wannan layin nawa ne, na janye shi.

Ka ce da kaji take magana ranar da ka zo da Sallah. Ɗaya daga cikin matan gidan ta gaya mini me take ce musu. Cewa take, "Ku dube shi ya rame, ba sa ba shi abinci a can." Kajin sun ji. Kai da ke zaune taku uku daga wurin kana duba waya.

Ba ta taɓa cewa ka zo ba, kuma ba za ta ce ba, ko an ɗora mata wuƙa a gwiwa. Haka aka yi ta. Kana iya jin haushin al'adar, ni ma ina ji, ni ɗana na fari da sunansa nake kiransa har maƙwabta na salati. Amma ba a wannan satin za mu gyara ta ba. Abin da na sani shi ne ta ƙi Doso don tana tsoron ka zo ka tarar ba ta nan, ko ta shiga ɗakin aiki ba ta fito ba alhali ba ka iso ba. Ni take ji, in ji ka. A kan wannan ba ta ji na.

Ka ce gada a rufe take. Mata masu goyo suna ƙetare kogin nan kullum da buhun albasa a ka. Ka ce kayanka na tashar jirgi. Ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Motar Malanbil na tashi daga Kotonu da asuba. In ka shiga ta Laraba, ka kwana can, ka ƙetaro Alhamis da safe, Rabo zai jira ka a bakin ruwa da motonsa, ya ce ko a kansa ne zai kawo ka. Ka zo da kwalin a hannunka. Ka shiga ka ajiye shi a gabanta, da nauyinsa, ta ji ƙararsa a ƙasa. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ita ma ba za ta dube ka ba, kada ka sa rai. Ka ce wa bango, ko kaji, an kawo ƙarfe, gobe sai Doso. Za ta tashi.

Ina jiranka har la'asar ɗin Alhamis.

In aka yi sallama daga la'asar ban gan ka ba, zan zauna a bakin gadonta in zaro takardar nan daga ƙarƙashin matashi. Zan gaya mata wancan ƙarfen an sayar da shi a tarkace tun satin farko, wanda ya ɗauka kuma ya ce zuwansa ba zai ƙara mata komai ba, ta daina jira. Zan faɗi sunanka a gabanta, cikakke, don kada ta ce ba ta gane wanda nake nufi ba. Daga nan ni da matan gidan mu ɗauke ta, tana so ko ba ta so, mu sa ta a motar da na riga na yi magana da ita. Ni zan sa hannu a takardar likita, a wurin da aka bar wa ɗa.

Bayan wannan ba zan ƙara rubuta maka ba, ba zan ɗauki wayarka ba. In kana son sanin yadda aka ƙare, ka zo ka ƙirga yatsun da kanka.

Nasiba